Rimot Ɗin Kawu Dakta

Duk wanda ya taɓa zama falon Kawu Dakta a Badariya ya san ba a kallon fim a gidan nan cikin daɗin rai. Rimot kullum yana aljihunsa, har masallaci da shi yake zuwa. Jarumi ya ɗaga hannu zai kai mari, sai hoto ya tsaya cak, Kawu ya miƙe ya fara bayanin inda aka ajiye kyamara. Mu kuwa marin muke jira. Fim ɗin awa biyu sai ya kai mu daga azahar har magariba.

Ya yi shekaru yana koyar da nazarin fim da katun, amma ban taɓa jin ya yabi aikin kowa ba. Bidiyon bikin 'yarsa ma bai tsira ba. Mai ɗaukar hoton ya kawo yana washe baki, Kawu ya ba shi maki huɗu cikin goma, a rubuce, wai ya nuna shinkafa fiye da ango.

Da ya sayo na'urar wasan ƙwallo ta talabijin, cewa ya yi don bincike ne. Matarsa Inna Hajo ta karɓa da wasa, ta zura masa biyar ba ko ɗaya. Ya gyara hula ya ce, "Ni shan kashi nika nazari."

Ni ce dai na fi kowa shan wuyarsa, don shi ke duba aikina na gama makaranta, katun ɗin minti uku a kan wani masuncin Argungu. In bai sa hannu ba, sai na maimaita shekara. Daƙiƙa goma da farawa ya danna.

"Wanga masunci naki ya taɓa ganin ruwa? Wa ka zama bisa gora awa kujera? Bisa ciki aka kwanta mashi, homar kamun kifi na hannu."

Na yi kuka, na tuna masa shi kawuna ne. Ya ce a gida ne yake kawu. Haka na yi mako guda a bakin gulbi a Argungu ina kallon masunta, rana na gasa ni, ina rantsuwar na daina gaishe shi. Na dawo na sake zanen daga farko.

Ranar da na kai masa, ciwo ya riga ya kwantar da shi. Rimot na hannunsa, yatsa a kan maɓalli. Wallahi yatsan nake kallo, ban ga katun ɗin ba. Minti uku suka ƙare bai danna ba. Sai ya ce, "Maido shi hwarko." Ya sake kallo har ƙarshe, ya nemi biro.

Bai kai ranar yaye mu ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Rimot ɗin yana wurina, ban taɓa danna shi ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya duba aikinsa da sauƙin da bai taɓa yi wa namu ba.