Sabon Kwaɗo a Ƙofar Mai Masauki

Ran Lahadin nan da guga na tashi. Shekarata huɗu a Kurmi, can bakin teku, ina tallar albasa. Wana, Yaya Habu, ya riga ni zuwa, yana gyaran takalma a bakin kasuwa. Ranar wani mawaƙin gida zai yi wasa a filin wata lakwal, wato makaranta, mu kuma 'yan Damargu mun yi anko: shuɗiyar shadda, riga da wando, kowa iri ɗaya. Na goge tawa, na goge ta Yaya. Ya saka, ya juya gaban madubi da ƙafarsa mai ɗingishi, ya ce yau ko ango sai haka.

Ƙarfe goma muka biya gidan Alhaji Mamman, mutumin Falanko, mai masaukinmu. Duk ɗan Damargu da ya sauko daga mota, a zaurensa yake fara kwana. Ƙofarsa ba ta taɓa sanin kwaɗo ba. Tun a garinmu Gangara ake ja mana kunne: in wani abu ya tashi a Kurmi, ka ruga gidan mai masauki. Mun same shi babu anko. Ya ce kansa ke ciwo, 'ya'yansa ma aiki ya tsare su, mu je mu wakilce shi. A kan bencin zaure na ga sabuwar sarƙa da kwaɗo, ko ledarsu ba a cire ba. Har na yi masa ba'a, na ce ko Alhaji ya koma sayar da ƙarafa ne. Bai yi dariya ba.

Ƙarfe biyu aka fara. Kalangu ya ɗauka, mawaƙi ya kira Tanut, ya kira Tarka, ya kira Gangara, kowa ya ji garinsu sai ya ɗaga hannu. Na ga Yaya yana rawa da kafaɗa, tunda ƙafa ta ƙi. Rabona da jin daɗi irin wannan tun barina gida.

Huɗu saura kwata dutse na farko ya faɗo kan kwanon rumfa. Na biyu ya fasa lasifika. Kiɗa ya tsaya, sai muka ji abin da kiɗan ya rufe mana: usur, ihu, ƙarar adduna ana jan su a kan kwalta. Ashe tun asuba ake yaɗa cewa wani baƙo ya kashe ɗan gari a tasha. Ba mu sani ba. Wani ya yi tsawa: “Ku cire riguna! Ku watse!”

'Yan wasu wurare suka tuɓe, suka bi ta bayan lakwal zuwa barikin jandarma. Mu ba mu bi su ba. Mun yi abin da aka koya mana. Na kama hannun Yaya, muka nufi gidan Alhaji, mu takwas, shuɗi zalla a tsakiyar titi. Ko makaho zai gane mu.

Tafiyar minti goma ce, ta ci mana rabin awa. Taya na ci a mahaɗa. Sau biyu Yaya ya faɗi, na ƙarshe na goya shi. Ina jin numfashinsa a wuyana, ina ce masa saura kaɗan.

Huɗu da rabi muka iso. Ƙofa a rufe. Na tura, na ji sarƙa ta amsa daga ciki. Na buga da hannu, na buga da dutse. Na kira sunana, na kira sunan babanmu, wanda Alhaji ya yi kiwo da shi. Ta tsagar ƙofa na ga takalman Alhaji, waɗanda Yaya ya yi wa sabon ɗinki a makon. Yana tsaye a wurin. Na ji tarinsa. Bai buɗe ba.

“Ga su can!”

Suka shigo lungun ta baki biyu. Yaya ya ture ni wajen katanga. “Haye! Na ce haye!” Na haye. Na faɗa bayan wani gidan burodi, na cusa rigata cikin buhun gawayi, na kwanta a kwata har aka kira magariba. Ina jin komai. Ba zan rubuta shi ba.

Kwana uku muka yi a barikin jandarma, sannan aka loda mu a babbar mota zuwa gida. A cikin motar wani maƙwabcin Alhaji ya gaya mini cewa mai unguwa ya sanar da Alhaji abin da zai faru tun bayan sallar asuba. Ya ji tsoron in ya faɗa mana, dukanmu za mu cika masa gida. Sai ya aika aka sayo sarƙa. Mutanen da suka zo da adda ban san fuskar ko ɗaya ba, ba na ma mafarkinsu. Alhaji nake gani. Na ci tuwo da shi a kwano ɗaya, kuma ban yafe ba.

Mu takwas muka tsaya a ƙofar nan, biyar muka iso Tanut, babu Yaya. Bana Alhaji ya zo Falanko, ya aiko wa Inna da gaisuwa da turmin zane. Yana nan a ƙulle yadda ya zo. Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta shiga rumbu ta fito da hauya biyu. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta mayar da ɗaya.