Maiwada Mai Bas da Amshin Waƙar Dada

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko lasifika gyara a Sabon Gari ya san Maiwada, ya kuma san tsakinsa. Ɗan kabu-kabu ya wuce da kiɗa a aljihu, tsaki. Motar biki ta wuce da dum-dum ɗin nan mai kaɗa hanji, tsaki har da tofar da yawu. Ni dai ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana koya wa gitar bas magana, dole ransa ya ɓaci in ya ji an maishe ta turmi.

Ɗan Jiratawa ne, ɗan masu noman rani. Lakwal, wato makarantar boko, ta kawo shi Maraɗi, karatu ya ƙi, sai ya faɗa okestira, ƙungiyar makaɗa, zamanin ƙungiyoyin matasa na samariya. Aka miƙa masa bas don ita ce ba mai so: igiya huɗu masu kauri, aikinta ta tsaya baya tana gurnani. Ana nan wani direban Kwatano ya kawo masa kaset ɗin jaz, irin wanda ake gauraya shi da kiɗe-kiɗen gida. Ya ji bas ta fito gaba tana rera waƙa da kanta, ganga na biye da ita. Kwana uku bai ci abincin kirki ba. Daga nan ya ɗauko waƙar dakan uwarsa, Dada, ya ɗora ta kan igiyoyin, ya yi ta yi mata ado da lanƙwasar jaz.

Waƙar daka kuwa kashi biyu ce: ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa. A wajen su Dada, in mace ta ba da waƙa aka yi mata shiru, an yi mata abin da ya fi zagi. Ba a yi wa kowa haka sai wadda aka tsana. Maiwada yakan yi kiran da igiya mai kauri, da ƙarfi, sannan ya gangara ƙasan wuyan gitar ya yi amshin siriri, a hankali, kamar mata na amsawa daga bayan danga. Duk gwanintarsa tana cikin amshin nan, kuma yatsu uku na hagu ke yin sa.

Okestira ta watse, odinater, wato kwamfuta, ta cinye bukukuwa, bas ta koma bayan ƙofar shago. Bai daina kaɗa ta ba, amma daga shi sai ƙadangaru ke saurare. Bara kuma yatsun suka fara ƙagewa, aka ce sanyin ƙashi ne. Abu ɗaya ya rage masa a duniyar kiɗa: a ɗauki waƙar Dada cikakkiya, kira da amshi, kafin hannun ya mutu.

Sai ga Shamsu, mai situdiyo a unguwar Zariya, da bakinsa kamar zuma. "Baba, ai duniya ta dawo kanku. Yanzu ko'ina bas ke jan gaba. Mu za mu farfaɗo da kiɗanku."

Maiwada bai yarda da mutumin da ke sa tabarau cikin ɗaki ba, amma in ba ƙira, me ya ci gawayi? Lokaci yana ƙure masa. Mako guda yana gasa hannun da ruwan ɗumi, yana shafa man kaɗe. Ya ɗauko wani tsohon makaɗin kalangu daga Tibiri, suka shiga situdiyo da hantsi. Minti tara suka yi ba tsayawa. Amshin ya fito tas, har mai kalangu ya sunkuyar da kai. Ranar hannun ya ba da duk abin da ya rage masa, ya kumbura kamar kwaɗo.

Bayan mako biyu yana cikin liƙe wata waya a rediyo sai ya ji kiran da ya kaɗa yana fitowa daga wayar da ke aljihun wani ɗan kabu-kabu. Kiran kawai, ɗan guntu, yana ta maimaituwa, an aza masa dum-dum, wani kuma yana kuka ta cikin na'ura kamar akuya ta shiga rijiya. Ko shago bai rufe ba ya nufi Zariya.

"Ina amshin?"

"Wane amshi, Baba?" Shamsu ya juyo masa fuskar odinater, ya nuna masa wasu zane-zane masu tudu da kwari. "Ka ga nan, ƙarfi. Nan kuwa dubi yadda ya ƙanƙance, ba ya fita a wayar salula. Shi ne na yanke."

Wai da ido yake sauraren kiɗa. Allah wadaran naka ya lalace.

"To, cikakken fa? Ba ni shi."

Shamsu ya sosa ƙeya. An kawo bidiyon wani biki, wuri ya cika a odinater, ya goge shi. "Ai ba komai, Baba, sai mu sake wani."

Maiwada ya dubi hannunsa na hagu, ya fita. A gida ya gwada. Yatsun suka tsaya cirko-cirko a kan igiya, suka ƙi lanƙwasa. Abin haushin kuma, guntun ya karɓu. Mai shayi, mai aski, 'yan makaranta, kowa Dada ce ke kira a wayarsa. Har taya shi murna ake yi, shi kuwa ji yake kamar ya yi amai.

Ran kasuwa yayarsa Yalwa ta kawo zogale daga Jiratawa, ta biyo shago da jikarta Samira. Suna cikin gaisawa Samira ta kunna abin a wayarta tana kaɗa kafaɗa. Yalwa ta kasa kunne. Kiran ya zo, ta jira. Ya sake zuwa, ta jira. Fuskarta ta canja.

"Maiwada, mi Dada ta yi maka? Ka bar ta tana kira cikin gari, ba mai amsa mata?"

Ya ce Samira ta kashe wayar. Ya jawo bas daga bayan ƙofa, ya haɗa ta da lasifikar wani da aka kawo gyara, ya yi kiran, don shi yatsa ɗaya ma ya isa. Da ya zo wurin amshi hannun ya tsaya. Sai Yalwa ta karɓa da tsohuwar muryarta, siririya, tana rawa, ba ta ɓata ko gaɓa ɗaya ba. Ya sake kira, ta sake amsawa. Idonsa ya cika.

Samira ta yatsine fuska ta ce, "Kaka, don Allah ki bari, kina ɓata ta. Ba haka waƙar take ba."

Maiwada ya nemi tsaki a bakinsa, bai samu ba.