Ranar Da Aka Girmar Da Tuli

Mangal Bhoir ba ta taɓa yarda cewa akwai macen da za ta iya ƙwace mata 'ya ba. Rabin ƙasar nan sun haƙiƙance cewa 'yarta Tejal 'yar wata ce, ita kuwa sai dai ta yi dariya ta ci gaba da juya ƙosan dankalinta a cikin mai.

Rumfarta tana daf da ƙofar gidan da ake ɗaukar wasannin talabijin a Naigaon, inda take sayar da shayi da ƙosai a cikin burodi tun kafin a zuba wa hanyar kwalta. Gajeriya ce, mai murya irin ta kwandastan bas, ba ta iya raɗa ba ko a gidan rasuwa. Mijinta Dattu direban adaidaita sahu ne, kuma tun shekarar farko ta aurensu ya gano cewa zaman lafiyarsa yana cikin kalmar "to".

Wata rana ta shiga ciki kai shayi da Tejal a kwankwasonta, lokacin yarinyar ba ta fara tafiya ba. Jaririyar da aka shirya za a yi wasan da ita ta kwana da zazzaɓi, kowa ya yi cirko-cirko. Madam Vinita, tauraruwar wasan, ta sunkuyo ɗaukar kofi, sai Tejal ta cafke mata sarƙa ta ƙyalƙyale da dariya. Darakta ya ɗaga hannu sama ya ce an gama neman jaririya. Daga ranar Tejal ta zama Tuli, autar wani gidan attajirai mai matakalar bene biyu, wanda duk bangonsa katako ne.

Shekara takwas aka yi a haka. A can Tejal tana da kaka mai sandar azurfa, da uba mai kamfani, da uwa mai kwana da gwal a wuya. Tana kiran Madam Vinita Maa, Mangal kuma Aai, yadda duk 'ya'yan layinsu ke kiran iyayensu mata. Maƙwabciyarsu Kaku Indu, tsohuwar da ba ta ganin wuta ba ta hura ba, takan leƙo ta ce, "Ke Mangal, jiya na ga 'yarki ta ƙanƙame waccan matar. Ke ban taɓa ganin ta riƙe ki haka ba."

"Ita ai biyan ta ake yi ta rungume ta, Kaku. Ni kyauta nake yi, har da ranƙwashi a kai."

Kuma ba wasa take yi da renon ba. Tejal ba ta shiga rana, kada ta yi duhu a ce Tuli ta canza. Ba ta hawa katanga, kada gwiwa ta kurje. Idan Diwali, bikin fitilu, ya matso, yara suna kwaɓa laka suna gina ƙananan ganuwoyi a bakin ƙofa, ita daga taga take kallo. Bai ma dame ta ba, don ta riga ta yi nata bikin. A gidan katako ana kunna fitilun Diwali tun saura wata guda da ɗoriya, da rana tsaka, a rufe labule, a yi ta maimaita addu'a har sai darakta ya gamsu. In ainihin ranar ta zo kuwa, motar kamfani tana bakin layi tun da sassafe, don wasan kullum ba ya hutun biki.

Saura mako biyu Diwalin bana, manajan wasan ya zo rumfa da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓi shayi yana ta juya kofin a hannu.

"Yaya Mangal, labarin zai yi tsalle."

"Na shekara nawa?"

"Sha biyar. Masu kallo sun fara hamma. Ran Litinin Tuli likita ce."

"Likita? Wannan da har yanzu ni nake ɗaura mata igiyar takalmi?"

"An samo wata babba," ya ce, yana kallon ƙasa.

Mangal ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. A gabanta aka sha shafa wa samari furfura da safe su fito kakanni da yamma. Ta ce masa ya sha shayinsa kafin ya huce. Da ta koma gida ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta zaunar da Tejal ta gaya mata.

"To Maa fa?" in ji yarinyar.

"Tana nan. Gilashi kawai za a sa mata."

"Wa zai kwana a ɗakina?"

"Sabuwar Tuli."

Tejal ta gyaɗa kai kamar an ba ta umarni. Washegari ta yi wanka ta shirya ta zauna a bakin ƙofa, motar ba ta zo ba. Jibi ma haka. Abinci sai ta tsakura ta ture. A rana ta huɗu ta roƙa a kira mata Maa. Madam Vinita mutuniyar kirki ce, ba za a ci haƙƙinta ba, ta ɗauki wayar, ta yi mata magana mai daɗi, ta ce akwai kwalin alewa da 'yar tsana a hanya. Amma suna cikin maganar sai Tejal ta ji wani daga can baya ya ƙwala kira, "Tuli!" wata babbar murya ta amsa.

Ta miƙa wa Mangal wayar. Can ta ce, "Aai, ni yanzu 'yar wane gida ce?"

Wannan tambayar ta tsorata Mangal, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Duk shekarun nan tana ja-in-ja da Madam Vinita a zuciyarta, tana kuma cin nasara. Ba ta taɓa tunanin yarinyar za ta tsaya a tsakiyar ɗakin da aka haife ta tana neman gida ba.

Dattu ya yi gyaran murya ya ce ya ji ana neman yarinya a wani sabon wasa, ko a gwada.

"A sake ba ta wata uwar? Baban Tejal, biyun ba su ishe ka ba?"

"To," in ji Dattu.

Mangal ta rufe rumfa, abin da ko ambaliya ba ta sa ta yi ba. Ta soya cakali, irin cincin ɗinsu na biki, ta naɗa karanji mai kwakwa da sukari, ƙamshi ya cika layi har Kaku Indu ta zo ɗanɗano sau uku tana cewa gishiri bai ji ba. Tejal tana zaune a gefe tana kallo cikin ladabi, kamar baƙuwar da aka ce ta jira a falo.

Asubar ranar farko ta biki ita ce ta wankan mai. Kowace uwa a layin tana tashin 'ya'yanta kafin rana ta fito, ta shafe su da man riɗi mai ɗumi daga kai har tafin ƙafa, ta cuɗa su da garin ƙamshi, sannan ruwan zafi. Tejal ba a taɓa yi mata ba, domin mai kwalliyar wasan ya ce mai yana ɓata gashi kwana uku. A gidan katako kuwa ba su san shi ba, attajiran can ba 'yan nan ba ne.

Mangal ta ɗora tukunyar ruwa, ta kunna fitilar kasko, ta ajiye 'yar kujerar katako a banɗaki. Tejal ta zauna a kai, baya a miƙe, haɓa a ɗage. Mangal ta zuba man a tafin hannu ta fara murza mata kai da ƙarfi, yadda tata uwar take yi mata. Daga waje an fara fasa tartsatsin wuta, wani yaro yana ihu wai ruwan ya yi zafi.

"Aai, ina zan kalla?"

"Kamar yaya?"

"Wane gefe zan juya fuskata?"

"Duk inda kika ga dama. Babu mai ɗauka. Daga ni sai ke sai ƙadangaren can."

Tejal ta dubi bango, ta dubi bokiti, ta rasa inda za ta ajiye idonta. Mangal ta sauko kan kafaɗu, ta kama hannuwan nan da ba su taɓa kurjewa ba tana murza yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai yarinyar ta fashe da kuka. Kukan ya zo mummuna, baki a wangale, majina da mai duk sun haɗe, ba irin na talabijin da hawaye ke gangarowa a layi ba. Mangal ta ci gaba da murza.

Ana cikin haka Tejal ta yanke kukan tak, ta haɗiye, ta ɗago ido jajur.

"Ya isa haka?"

Mangal ta jawo ta jikinta, man ya ɓata sabon sarin da ta ɗaura domin biki.

"Bai isa ba. Yi ta yi, 'yata, nan gidanku ne, babu mai jiran ki gama."

Tejal ta tura fuska cikin wuyanta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Dattu ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali ya ce rana ta kusa fitowa, ruwan kuma ya huce.

"Mayar da shi kan wuta," in ji Mangal. "Ba mu gama ba."