Yadda Na Cinye Duniyoyin Buba

Ranar Larabar da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da aka rufe mana makaranta ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kazar Goggo ta kutsa sararin samaniya ta hallaka rundunar Abba. Dawowarmu ke nan daga maimai a gonar masara, ƙafafu duk taɓo, muka tarar da ƙofar ɗakin harawa a buɗe, ita kuma tana tsaye a tsakiyar allon wasanmu tana tsattsagar jiragen yaƙi ɗaya bayan ɗaya. Laifin Abba ne, ɗan ƙanen babana, domin shi ya zaɓi farin wake ya zama jiragensa. Jirgi goma sha bakwai ta haɗiye kafin ƙanwata Zulai ta wurga mata takalmi. Abba ya zauna daɓas a ƙasa ya yi kukan da aka ji har bakin masallaci, ni kuwa na buɗe littafin wasa na gyara murya, na ce wannan annoba ce daga sama, kuma doka ta ce wanda annoba ta faɗa wa sai ya yi haƙuri. Littafin bai ce haka ba. Amma ni kaɗai nake iya haɗa Turancin da ke cikinsa, don haka abin da na ce ya ce, shi ya ce.

Wasan na wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu da ya koya mana kimiyya a ƙauyenmu da ke kusa da Mairuwa. Malam Kofa muke ce masa. Duk ranar Juma'a in an tashi yakan baje shi a kan teburi, mu yi masa zobe muna kallo kamar an kawo majigi. Ranar da aka ce a rufe makarantu, ya ɗaure jakarsa a bayan babur cikin gaggawa, kwalin ya ƙi shiga, sai ya miƙo mini ya ce in ajiye masa. Har yau ina ajiye masa. Kwali ne da ya kai girman tiren mai tsire, cikinsa falle-fallen kwali masu kusurwa shida da ake jerawa su haɗu kamar saƙar zuma, kowanne da hoton duniyarsa: wata ja, wata kore, wata ƙanƙara zalla, wata kuma baƙin rami ce da ke haɗiye duk jirgin da ya matso. Akwai katuna fiye da ɗari, da ƙwayoyin jefawa irin na lido, da ƙananan jiragen roba da rabinsu suka ɓace tun kafin ya zo hannunmu. Littafin dokokin ma gara ta yi buɗa-baki da shafukan ƙarshe. Muka sa wa wasan suna Jannati, saboda 'yan sama jannati.

Wanda ya saba da dara ko lido ba zai gane wahalar Jannati ba. Kowa yana farawa da duniya ɗaya da jirage uku. Sai ka haƙo ƙarfe ka ƙera jirage, ka nemo man da zai kai su, ka aika manzo, ka ƙulla yarjejeniya, ka yi ciniki, sannan in ka ga dama ka kai yaƙi. Wanda ya fara tara maki goma shi ya ci. A faɗe abin da sauƙi, amma wasa ɗaya yakan cinye wata guda. Abba kaɗai, in layi ya zo kansa, za ka iya zuwa rijiya ka ɗebo ruwa jarka huɗu, ka ba awaki dusa, ka yi aski, ka dawo ka same shi riƙe da jirgi ɗaya yana cizon leɓe. Saboda haka muka samo tsohon ƙyaure muka ɗora a kan bulo huɗu a ɗakin da ake ajiye harawa, in mun tashi mu rufa tabarma a kai a hankali kamar ana rufe jariri. Goggo, kakarmu, ta daɗe tana zargin tsafi muke yi. Baba ya zo da kansa ya tsaya a kanmu rabin awa don ya tabbatar ba caca ba ce, daga ƙarshe ya girgiza kai ya ce, "Wanga ai ya fi noma wuya," ya fita.

Mu huɗu ne: ni, da Abba, da Zulai, da Buba. Rugar su Buba tana bayan dutse, in ka tsallake fadama. Tun kafin a haife ni mahaifiyarsa take kawo wa Goggo nono ranar Litinin da Alhamis, su zauna a gindin turmi su yi ta hira har nonon ya kusa tsami. Shanun Baba guda biyu suna cikin garkensu, kuma duk kaka bayan an cire amfani, a gonarmu suke kwana su bar mana taki. Buba yakan biyo mahaifiyarsa in wansa ya karɓe shi kiwo. Dogo ne siriri, ba ya son magana, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ƙwallayen aduwa ne jiragensa. Bai taɓa kai wa kowa hari ba. Kiwon jiragen yake yi, ya kora su a hankali daga wannan duniya zuwa waccan inda ba kowa, yana yi musu ɗan fito. Mun yi ta yi masa dariya, har ranar da muka farga ya mamaye tsakiyar allo kakaf, duniya bakwai, kuma ba mai wucewa ko'ina sai ta gabansa. Ya raɗa musu sunayen shanunsu. Babbar, wata ruwan ƙasa mai zobe, ita ce Saye.

Da yake sau biyu kawai yake zuwa a mako, shi ya kawo dokar da ba ta cikin littafi. Ya ce ba zai iya kwana a ruga yana tunanin me muke yi wa duniyoyinsa ba. Muka yarda cewa duniyar wanda ba ya nan amana ce, ba a taɓa ta sai mai ita yana zaune. Muka ɗora hannuwa huɗu a kan kwalin. Goggo da ke tankaɗe a bakin ƙofa ta ce, "Ku dai ku sani alkawari kaya ne," muka yi dariya, don a lokacin ba shi da nauyin komai.

Daga nan damina ta fara lalacewa, ba don rashin ruwa ba. Aka daina zuwa gonakin nesa, masarar da muka yi wa maimai ta girma ba mai ganinta. Ƙarar babur daga nesa ta zama abin da ke tsayar da taɓarya a sama. Manya suka riƙa ambaton sunayen ƙauyuka ta wajen Ƙanƙara da Sabuwa da murya ƙasa-ƙasa, in mun matso su yi shiru. Aka hana mu filin ƙwallo da ke bayan gari, aka hana mu wanka a fadama. Mahaifiyar Buba ta koma zuwa sau ɗaya a mako, ta daina zaman hira, ta auna nono a tsaye ta juya. Wata Alhamis Buba ya shigo ɗakin harawa idanunsa jawur. Zulai ce ta gaya mini daga baya cewa wasu samari a bakin gari sun tare shi sun ce ya zo leƙen asiri, alhali da su muke cin goruba shekarar da ta wuce. Ranar ya yi wasansa shiru, ya matsar da ƙwallayen aduwa biyu kusa da Saye, ya tafi kafin la'asar. Litinin ba su zo ba. Alhamis ma haka.

Wasan ya tsaya cik. Ina da maki takwas, biyu suka rage mini, kuma babu inda zan same su sai a duniyoyin Buba, don tun bayan ta'adin kaza Abba bai sake zama mutum ba, Zulai kuma ta kewaye kanta da baƙaƙen ramuka. Kullum bayan azahar sai mu ɗaga tabarma, mu zuba wa allon ido, mu hure ƙurar harawa, mu mayar mu rufe. Mako uku, mako huɗu, mako biyar. Ba makaranta, ba gona, ba ƙwallo, rediyon Baba ba ya faɗin komai sai abin da ke hana cin tuwo. Abu ɗaya da ya rage mini a duniya wanda zan iya kai shi ƙarshe shi ne wannan wasa, kuma ga shi ƙwallayen aduwa sun tare mini hanya, mai su ko labarinsa babu. Na fara jin haushinsa, kamar da gangan ya ƙi zuwa.

A mako na shida na buɗe littafin a gabansu, na yi ta juya shafuka ina motsa baki, sannan na buga cinya na ce ga ta nan. Na ce doka ta ce duk wanda aka tsallake layinsa sau goma, kariya ta faɗi daga kansa, wani ya jefa masa ƙwaya a yi yaƙi. Abba ya ce in dai littafi ne ai shi ke nan. Zulai ta kalle ni irin kallon da Goggo ke yi wa mai tallan da ya rage mudu.

"Yaya, jiya dokar ba ta nan, yau ta tsiro? Halan taki ka sa mata?"

Na ce ta zo ta karanta da kanta in ta iya. Ta ce ita ba ta iya Turanci ba, amma ta iya ni. Ta kwashe murafun kwalbar da suke jiragenta daga kan allon ta zuba a gefen zane ta fita.

Abba ne ya jefa wa Buba ƙwaya. Duniya shida suka faɗi kafin a kira la'asar, ɗaya bayan ɗaya, ba wani daɗi, kamar kana tsinkar kuɓewa a gonar da ba mai gadi. Saye ce ta ba ni wuya. Jiragen nan biyu da ya matsar ranar ƙarshe suka riƙe ni zagaye uku, suka cinye mini rabin runduna, har na fara tunanin Buba yana jefa ƙwayar daga ruga. Daga ƙarshe ita ma ta faɗi. Na ce maki goma, na ci. Na yi tsammanin zan yi tsalle in fasa rufin ɗaki. Abba ya ce to, ya miƙe ya ce an aike shi niƙa. Na zauna ni kaɗai da sararin samaniya gaba ɗaya, akuya tana leƙo ni ta ƙofa tana jiran in tashi ta ci harawa.

Bayan kwana tara, da hantsi, muka ji kukan shanu a ƙofar gida. Buba ne da mahaifinsa da mahaifiyarsa, sun koro shanun Baba guda biyu, har da ɗan maraƙin da ɗaya ta haifa wanda ba mu ma san da shi ba. Za su tashi, sun zo mayar da amana. Baba da mahaifin Buba suka tsaya a zaure riƙe da hannun juna sun kasa sakewa, Goggo tana ta cusa wa mahaifiyarsa daddawa da kuka a ƙwarya tana share ido da gefen mayafi. Buba bai tsaya gaisuwa ba, ya wuce ɗakin harawa da sauri, ni ina binsa a baya. Ya ɗaga tabarma. Jajayen jiragena ne ko'ina. Ƙwallayen aduwarsa suna gefe cikin gwangwanin madara.

Na fara zuba bayani tun bai tambaya ba, layi goma, kariya, doka, littafi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Nuna mani wurin."

Na buɗe na ɗora yatsa a kan wani layi. Layin yana bayanin yadda ake jera kaya a cikin kwali ne in an gama wasa. Buba bai yi boko ba, makarantar allo kawai ya yi, amma ya sunkuya ya daɗe yana kallon wurin da yatsana yake. Zulai tana tsaye a bakin ƙofa, na san kalma ɗaya za ta faɗa in mutu, ba ta faɗa ba.

"To, tunda littafi ya ce," in ji shi. Sannan ya ce, "Saye fa, ta yi wuya?"

Na ce ta yi, zagaye uku ta riƙe ni, ta kashe mini rabin jirage. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa masa ranar. Ya rufe baki da hannu ya yi dariyarsa, ya ce ya san za ta yi. Mahaifinsa ya kira shi daga waje. Muka raka su har bakin gari inda aka hana mu wucewa, muka tsaya muna kallonsu har dawa ta rufe su.

Shekarar da ta biyo baya, mu ma muka tashi, muka dawo Funtuwa gidan kawuna. Abba yana Ƙanƙara yana koyon walda, ya ce ya manta yadda ake wasan. Zulai ba ta manta ba, amma ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini. Su Buba an ce an gan su ta wajen Sabuwa, daga baya aka ce sun yi gaba, ba wanda ya san ina. Yanzu ina da irin wasan a waya, da jirage masu walƙiya da ƙara, ina yi da mutanen da ban san fuskarsu ba. Minti ashirin an gama. Duk wanda layin wayarsa ya yanke, kafin ya dawo an cinye shi, ba mai jin komai, ni ma na ci na wasu an ci nawa. Mutane suna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ba wanda ya bi shi har ƙarshe, don wanda ya kamata ya kama ni ya yarda da ni ya tafi. Wani lokaci nakan ce ai ya gane, ya ƙyale ni ne, wani lokaci in ce bai gane ba, kuma na rasa wanne ya fi mini ciwo.

Kwana tara kawai ya rage in ƙara haƙuri.