Telan da Ke Duba Gwiwa

Mu uku mahaifiyarmu ta bari. Ni ce babba, sai ƙanena da kowa ke kira Tela, sai autanmu. Labarin Tela zan ba da tun yana da rai, domin na ga irin ƙaryar da ake yi wa mutum a bakin kabari.

Ya fi shekara arba'in a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne. Almakashinsa a ɗaure yake da igiya a jikin tebur saboda maƙwabta masu aro. A sabon ɗinki ba gwani ba ne. Ya taɓa yi mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da na yi magana ya ce kafaɗata ce a karkace. Amma wajen faci ban ga na biyunsa ba.

Muna matasa, majami'armu daɓen siminti ce mai kaushi, benci takwas. Ƙarfe biyar da rabi na safe ake addu'a, kafin kowa ya fita nema, kuma a ƙasa ake durƙusawa. Simintin nan cin wando yake yi kamar gara. Duk namijin da gwiwar wandonsa ta huje, wajen Tela yake kaiwa, shi kuwa kyauta yake facin gwiwa. A nan ya ɗauki wata ɗabi'a da har yau bai bari ba: in ka gaishe shi, gwiwarka yake fara dubawa kafin fuskarka.

Ba wanda ya kai Auta kashe wando. Guda ɗaya gare shi, ruwan toka, an yi masa faci a kan faci har sau uku. Lebura ne lokacin a wajen magina. Bai iya tsara magana ba, har in'ina yake yi, amma in ya fara addu'a sai ka ji kamar ya riƙe wa Allah gefen riga ya ƙi saki. Tela na gefensa yana cewa amin. Ni ina bayansu, na manta na bar ruwa a wuta.

Allah kuwa ya amsa. Auta ya buɗe shagon tayil, shago ya zama uku, ya yi gida mai bene, ya sayi mota. Kada a ce na yi masa sharri: bai bar majami'a ba, bai taɓa giya ba, bai wulakanta matarsa ba. Shi ya shimfiɗa mana tayil a kan tsohon simintin, shi ya kawo kujeru masu laushi da fankoki. Aka naɗa shi dattijo. Layin gaba yake zama. In an ce a yi addu'a, yakan sunkuyar da kai yana kan kujera, hasken waya na haska masa haɓa. Addu'ar safe ta koma ta tsofaffi biyar. Mu da muka samu ɗan hali duk mun daina zuwa, har da ni, tun da 'yata ta sa mini katifa mai kauri.

Wata Lahadi bayan sujada Tela ya tare shi a bakin mota, ya tambaye shi yaushe rabonsa da durƙuso. Auta ya yi dariya, ya ce tayil sanyi gare shi, yadin wandunansa kuma ba ya son ƙasa, Allah dai zuciya yake dubawa.

Duk mai hankali ya san sallama ce aka yi masa. Tela bai gane ba, ko kuma ya ƙi ganewa. Ya koma shago ya tattara ƙyallaye, ya ɗinka ɗan matashi na durƙuso, ya cusa masa soso mai kyau. Fuskar matashin da tsohon wandon nan ruwan toka ya yi ta, facin na tsakiya. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi a ƙasan akwati.

Auta ya karɓa hannu biyu, ya yaba ɗinkin, ya nuna wa matarsa. Bayan mako guda na shiga motarsa na tarar da matashin a kujerar direba. Ya ce yana taimaka masa da ciwon baya sosai.

Na gaya wa Tela, don ba na ɓoye irin wannan. Ya ci gaba da zura zare, can ya ce, "To, aƙalla yana tare da shi."

Bara gwiwoyin Tela suka ƙi. Shekarun taka keke ne suka cinye su. Auta ya ɗauke shi da kansa zuwa asibiti mai kyau, aka yi hoto, aka ba da magani. Likita ya hana shi keke, ya hana shi durƙuso. Na farkon bai dame shi kamar na biyun ba. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ƙafafu a miƙe kan wata 'yar kujera, yana kallonsu kamar na aro.

Auta ya tambaye shi me yake buƙata. Keken guragu? Mai kula da shi? Talabijin?

"Ka zo da safe sau ɗaya," in ji Tela. "Ka durƙusa nan gefena ka yi addu'a da ƙarfi irin ta da. Ni amin kawai zan ce."

Auta ya ce wannan ai ba komai ba ne, ranar Asabar. Asabar ta zo, ya aiko fasto da kwandon lemo. Wata Asabar ɗin kayan shagonsa suka iso. Ta uku ya yi tafiya. Kowace safiya Tela yakan sa matarsa ta buɗe ƙofar gida tun ƙarfe biyar, ta share gaban gadon. Na ce masa sauro kawai yake gayyata.

Da abin ya ishe ni, na je har ofishin Auta, a gaban ma'aikatansa, na ce masa mutumin da ya yi masa faci sau uku yana jiransa, in ba zai je ba ya faɗa, a daina wahalar da matar mutane da shara. Bai ji daɗi ba. Ban je don ya ji daɗi ba.

Washegari ya zo. Ina nan, a gidan Tela na kwana. Ya shigo da ƙamshin turare, makullin mota a hannu ɗaya, matashin a ɗayan. Ya ajiye shi a ƙasa, ya ja wandonsa sama kaɗan, ya sauka da ƙyar yana dafa gado. Ya fara da murya irin ta taron dattawa: ya gode don rai da lafiya, ya roƙi albarka a kan iyali da ayyukan hannuwanmu. Magana tsaf, ba in'ina ko ɗaya. Bai yi minti biyu ba ya ƙare. Ya tsaya. Tela bai ce amin ba, yana jira.

"Yaya," Auta ya ce a hankali, "na manta yadda ake yi."

"Zauna a haka. Da ma can ba iyawa ka yi ba," in ji Tela.

Ya zauna a haka. Matashin ya zame, gwiwarsa ɗaya ta sauka a siminti, bai gyara ba. Waya ta yi ta ruri a aljihunsa har ta gaji. Yana nan durƙushe wajen kwata na awa. Ni ina kan kujera. Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, ban sauka ba, kuma ban san abin da ya hana ni ba.

Da ya tashi, Tela ya dubi gwiwar. Ƙura ce kaɗan a kan yadi baƙi mai sheƙi. Auta ya kai hannu zai kaɗe, ya fasa. Ya ce zai dawo. Ya bar matashin a nan.

Wata biyar ke nan. Yana aiko da magani a kan lokaci, yana kira a waya ranar Lahadi. Bai dawo da safe ba.

Makon jiya Tela ya aike ni kasuwa in nemo masa rabin yadi baƙi mai sheƙi, irin na wandon ranar nan. Na ce masa mutumin nan wandunansa sun fi talatin, kafin ɗaya ya huje mu duka muna ƙasa. Ya ce shi dai in sayo, kuma in duba da kyau a hasken rana, don baƙi iri-iri ne, in launi bai zo ɗaya ba facin zai nuna.

Na sayo. Yana ninke a kan keken, almakashi a kansa. Matarsa har yanzu ƙarfe biyar take buɗe ƙofa.