Motar da Aka Gine a Gidanmu

Baƙin mai idan ya zauna a cikin tasa, warinsa daban ne da na wanda ke cikin galan. Ni bakanike ne, na san abin da nake faɗa. Jiya maƙwabcina a gareji, nan Tudun Wada, ya rasa abin tarar mai, sai ya jawo wata tsohuwar tasa da mai abinci ta manta, ya tura ƙarƙashin mota. Na daka masa tsawa har mai motar ya juyo yana kallona. Mutumin bai yi laifin da ya kai haka ba. Ban ba shi dalili ba, don bakina ba ya iya irin wannan magana. Kai da kake karantawa zan gaya wa, tunda ba ka ganin fuskata.

Baba direba ne a ma'aikatar gona. Lokacin soja ne ke mulki, kuɗin mai kuma ya shigo gari. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruɗe. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani agogon da bai iya dubawa ba. Idan ka tsaya bakin Sama Road da yamma, sai ka ga sababbin motoci da ledar kujerunsu ba a ko cire ba. Shi Baba da aka yi gwanjo a ma'aikatarsu, sai ya sayi tsohuwar jif ɗin da ya shekara da shekaru yana shiga daji da ita. Gajera ce, koriya, mai jan ƙafa huɗu, jikinta duk lotsawa. Ba ta tashi. Ya ce shi ya san ciwonta.

Gidanmu na gado ne, ginin ƙasa. Baffa, yayan Baba, shi ne maigida, yana aiki a kamfanin siminti can Kalambaina. A daminar nan katangar baya ta jiƙa ta zube. Ta wannan giɓin samarin unguwa suka turo motar har gindin dogonyaro, kusa da ɗakinmu, aka sa zana aka tare wurin kafin a samu sukunin gini.

Ni ba ni da wa, ba ni da ƙane. Motar nan ita ta zama abokiyar wasana. Baba ya ɗora ta a kan duwatsu, ya kwance tayoyin, ya sauke injin a kan tsohuwar ƙofa. Aikina wanke kusoshi da kananzir, in jera su a kan buhu yadda ya ciro su. Ba shi da kuɗin kai ta gareji, kuma ko yana da su ba zai kai ba. Abin da ba a samu a kasuwa ba, shi yake ƙera shi. Na ga ya yanka gasket, abin da ake sakawa tsakanin ƙarafan injin don hana yoyo, daga kwalin takalmi, ya shafe shi da giris. Na ga ya toshe yoyon lagireto da sabulu da garin barkono. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya kira maƙwabcinmu mai walda, wani Kirista mutumin wajen Jos, mai dariya da ƙarfi. Haka aka yi kaka, aka yi ɗari, hannuwana suka faffashe da kananzir, ban damu ba.

Inna ba ta son motar. Ba ta yawan magana, amma idan tana shara ta zo kusa da ita sai ta kewaye, kamar wadda ta ga kashin kare. Tana da jerenta a ɗaki, kwalla da langa har kusa da rufi, a can sama kuma akwai wata jar tasa mai nauyi, wadda uwarta ta ba ta, ita ma uwar a wurin tata uwar ta samu. Ba a cin abinci a ciki. Gogewa kawai ake yi a mayar.

Wata rana da bazara Inna ta tafi barkar suna. Baba zai juye baƙin mai, ya duba bai ga abin tara ba, ya shiga ɗaki ya fito da tasar. Ina ganinsa. Ba mugunta ba ce, ita ce mai faɗin da ya dace, shi ke nan abin da ya gani. Inna ta dawo ta tarar da ita a ƙasa, cike da mai baƙi ƙirin, ƙudaje sun faɗa ciki. Baffa yana nan, mai walda ma yana nan.

Ta ce, "Gawa ka kawo muna gida, munka yi shiru. Yanzu kuma da kayan ɗakina kaka yi mata wanka?"

Mai walda ya yi dariya, don ya ɗauka raha ce. Wannan dariyar ce ta ƙarasa aikin. Baba ya miƙe da sifana a hannu, ya faɗi abin da ya faɗa. Saki ɗaya. Washegari Inna ta ɗaura ƙullinta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ranar ma ba ta kira ba. Ta dafa kaina ta ce, "Duk abin da anka ba ka, ka ci." Ta fita ta zaure.

Ƙauyensu yana can bayan fadama. Da rani babbar mota tana zuwa ranar kasuwa. Da ruwa ya sauka kuwa, sai ƙafa, sai jaki, sai irin motarmu. Na tambayi Baba yaushe za ta dawo. Bai ɗago kai daga injin ba, ya ce, "In mota ta tashi, mu tai mu ɗauko ta." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Ba ni da wata.

Gwaggo, ƙanwar su Baba da ke aure a wata unguwa, ita ce ta fahimtar da ni cewa abin yana da wa'adi. Ta zo ta tsaya a kansa yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta ce, "Kai, idda ba ta jiran injin. Baki ɗai za ka buɗe ka ce ka maishe ta. Ko aike ka yi, ya isa." Daga ƙarƙashi ya ce ba zai tsaya gaban surukinsa da laka har gwiwa ba. Matar da ta kira motarsa gawa, a cikin motar za ta dawo, a kujerar gaba. Gwaggo ta yi tsaki ta ce, "Allah shi shirye ka." Ta ba ni ƙuli-ƙuli ta tafi.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. Baffa ya samu siminti, aka buga bulo, ya ce ba zai sake damina da mata a bayan zana ba. Magina suka zo. Mai walda ya ruga ya sami Baba, ya ce, "Maigida, ka fitar da shi waje tukuna, kafin su rufe!" To da me za a fitar? Ba taya ko ɗaya a jikinta, injin yana ƙasa, giya tana cikin buhu. Baba ya dubi motar, ya dubi magina, ya ce, "Ku gina. Ranad da tat tashi mu hwasa." Har bulo ya miƙa musu. Katanga ta tashi, doguwa, ruwan toka, irin wadda ba a taɓa gani a layinmu ba. Mutane suna tsayawa su taɓa ta. Ƙofar gidan kuwa zaure ne mai lanƙwasa, wanda ko jaki da kaya sai an sauke masa.

Ni ban ga komai a ciki ba a lokacin. Ina ganin abin da Baba ya faɗa haka zai kasance.

Damina ta kankama. Matar Baffa ce ke ba ni tuwo, ba ta rage ni da komai ba, amma a bakin ƙofa nake ci, 'ya'yanta suna ciki. Ɗakin Inna a rufe yake. Idan na leƙa ta taga sai in ga jeren yana nan, da gurbin tasa a sama. Da rana idan Baba ya tafi aiki, in shiga mota in zauna a bayan sitiyari, ruwa yana buga rufin tamfol, in yi ta tuƙi da baki har in iso ƙauyen. Kullum ina isa.

Shi kuma Baba aikin sai ƙaruwa yake. An mayar da injin, sai ya ce sifirin ya yi laushi, fadama za ta riƙe cikinta. Ya samo ganyen sifirin na babbar mota a bola, shi da mai walda suka yanka suka ƙara, motar ta ɗaga sama. Sai ya ce ruwa zai shiga salansa, aka lanƙwasa bututu aka miƙar da shi ta gefen gilashi. Sai kariyar ɗora kaya a sama, don kayan Inna. Sai kujerar gaba, ya kwance ta ya cusa mata audugar rimi, ya sa aka ɗinka mata sabon yadi. Tasar ma ya zauna ya goge ta da toka da yashi da lemun tsami, har ta yi ja, ya naɗe ta a tsumma ya tura ƙarƙashin kujerar. Duk abin da ya yi yana da dalili. Ni bakanike ne yanzu, ba zan ce ɗaya ba shi da amfani ba. Amma na kuma san mai gyaran da yake son gamawa, na san wanda yake tsoron ranar gamawa.

Motar ta tashi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Baba ya zaunar da ni ya ce in taka totur kaɗan idan na ji ta yi tari. Ya sa ƙarfen juyawa, wanda ake tayar da ita da shi, a hancinta, ya juya, ya juya, jijiyar wuyansa ta fito. Ta yi tari. Ta sake. Sai ta ɗauka da ƙugi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, matar Baffa ta rangaɗa guɗa. Mai walda ya shigo da gudu ba ko sallama. Baba ya ture ni gefe, kan sabuwar kujerar, ya sa giya. Muka tafi. Kafin in gama gyara zama ya taka birki. Katanga ce a gabanmu, kusa har ina ganin sawun cokalin magini.

Ya bar ta tana aiki, ya je wurin Baffa, ya tsuguna. Ina jin su. Baffa ya ce, "Cikin damina? In hwasa gini sabo, in bar iyali a hili? Bari ruwa shi ɗauke." Na zuba wa Baba ido. Ina jiran ya ɗaga murya yadda ya ɗaga wa Inna. Ya ce, "To." Ya dawo ya kashe mota.

Mai walda ya ce ga babur ɗinsa, su tafi gobe har bakin fadama, sauran su taka. Baba ya ce ba da babur ba.

Da suka watse na ɗauki ƙarfen juyawar, na je na fara dukan katangar. Da ta ƙasa ce da na huda ta. Wannan kuwa sai ƙarfen ya dawo ya girgiza mini kafaɗa, ɗan farin tabo kawai yake bari. Na yi ta duka har tafin hannuna ya fashe. Baffa ya fito ya riƙe hannuna, ya ɗaga nasa zai mare ni, sai ya fasa. Ya karɓe ƙarfen ya jingina da mota, ya koma ciki.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero. Babbar motar farko da ta fito daga ƙauyen ita ta kawo Kawu, ƙanen Inna. Ya zo da goro. An ɗaura wa Inna aure da wani mai fataucin shanu, za su koma can bakin iyaka. Aka kwashe jeren. Kawu ya ce saura tasa. Baba ya ce ta lalace.

Ba wanda ya sake maganar fasa katanga. Amma duk Juma'a Baba sai ya tayar da motar. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya kai ta gaban katanga, ya dawo da ita gindin dogonyaro, ya kashe. Sojoji suka sauka daga mulki, suka dawo, suka kifar da juna, shi yana nan. Bai sake aure ba. Na bar makaranta na shiga gareji. Da hannunsa ya kasa juya ƙarfen, ni nake juya masa. Ba mu taɓa yin maganar Inna ba, ni da shi. Na gan ta 'yan lokuta, ina baƙo a gidan wani, ƙannen da ban sani ba suna leƙena.

Da Baba ya rasu aka raba gida. 'Yan gwangwan suka zo da wuta suka yanka motar, suka fitar da ita ta zaure gunduwa-gunduwa. Tasar kawai na ɗauka. A lokacin Inna ta koma ƙauyensu, mijin ya rasu. An yi titi, an yi gada a kan fadamar. Na shiga bas da hantsi, kafin azahar ina ƙofar gidan. Tafiyar ke nan gaba ɗaya.

Idonta ya yi rauni. Na kwance tsumman na ajiye mata a cinya. Ta shafa bakin tasar da yatsa, ta ɗaga ta ta shinshina, ta daɗe.

Ta ce, "Ta tashi kuwa?"

Na ce, "Ta tashi, Inna. Tun cikin daminan nan."

Sai ta miƙo mini, ta ce, "Tahi da abinka. Har yau wari takai."

Tasar tana nan a ɗakina. Yanzu babu mai gyaran mota a gida, abu ya lalace a cire a sa wani, kuma ba na cewa sun yi kuskure. Gidan ma an sayar, an rushe ɗakunan, an yi shaguna. Katangar ce kawai mai sayen ya bari, ya ce gininta mai kyau ne. Idan na biyo ta layin nakan rage tafiya. An yi mata fenti, amma na san inda tabon yake. Bai kai ƙirjina ba.