Ciwon Fatar da Na Gada Daga Kakana

Lokacin da abin ya same ni, ni matashiyar uwa ce mai sana'ar kifin banda a kasuwar Yelwa, ina da goyon fari da masu saye da suka saba da ni. Bayan na gama wankan jego sai wasu tabbai suka fito mini a gwiwar hannu, masu kauri, da farin ɓawo a kai kamar na kifi. Na ɗauka makero ne. Kafin damina ta fita sun kama gwiwoyina da tsakar kaina, in na sosa su zube, jini ya tsattsafo. Wata rana wata mata ta miƙo hannu za ta karɓi kifi, ta ga wuyan hannuna, ta janye. Daga nan magana ta bazu cewa kuturta ce. Na daina fita. Abin da ya fi ci mini rai, na koma ba da ɗiyata ga Inna, mahaifiyata, don kada in shafa mata, ina jin kukanta ta bayan katanga.

Mijina ne ya matsa muka je asibiti. Likitar ta kama hannuna ba safar hannu, ta ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Ta ce garkuwar jikina ce ke sa fata yin sabuwa da gaggawa tun tsohuwa ba ta faɗi ba, kuma sau da yawa abin yakan bi jini. Ta tambaya ko akwai mai irinsa a danginmu, na rantse babu.

Da na ba Inna labari sai ta ce in je Wara in ga Gwaggo, yayar mahaifina. Na shiga kwale-kwale na tafi. Tsohuwar ta saurare ni har na gama, ta ɗage mayafinta. Tabon nan ne, a daidai inda nawa yake, har da ƙananan ramuka a kan farce irin nawa.

"Ɗiyata, ai na Baba ne," ta ce. "Haka gwiwoyinsa suke."

Kakan nan ban taɓa ganinsa ba. Masunci ne, kabarinsa ma yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka gina madatsar ruwa tafki ya cinye tsohon garinsu. A hanyar komowa na yi ta duban ruwan ina duban hannuna, ina tasbihi. Mutumin da ko hotonsa babu, ga shi a jikina. Abin ya tsallake mahaifina, ya bar ƙannena duka, ya zo ya same ni. Likitar ta ce abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, wani har ya mutu bai tashi ba, wani kuma wahala, ciwon maƙogwaro ko haihuwa ta tayar masa.

Ban warke ba, amma da man shafawa yana lafawa, na koma kasuwa, na karɓi ɗiyata. Watannin da na yi ban goya ta ba su ne ba za su dawo ba. 'Yan uwa, in fata ta canza ku je a duba tun wuri. Iyaye kuma ku daina ɓoye wa 'ya'ya ciwon da ke cikin dangi. Gwaggo ta rufe nata shekaru don kunya, ni kuwa tawa ɗiyar daga bakina za ta ji.